Borin Jini: Shaida Daban, Hukunci Daban

Daga cikin lalurorin da mutanenmu suka daɗe da sani, amma har yau ba su tsaya a kan magana ɗaya game da yadda ya kamata a ɗauke su ba, akwai borin jini, watau abin nan da kan sa mutum ya ci wani abinci, ko ya sha wani magani, ko ya shaƙi wata ƙura, sai ka ga fatarsa ta yi ruɗu-ruɗu, ko atishawa ta kama shi ba ƙaƙƙautawa, ko numfashinsa ya riƙa fita da ƙyar yana shewa, alhali kuwa ɗan'uwansa, wanda suka sa hannu a akushi ɗaya suka kwana a ɗaki ɗaya, ko gezau bai yi ba. Abin da ya sa na ga wajibi ne in yi magana a kansa shi ne, a ganina mun ajiye tsoronmu inda bai kamata ba. Muna hana yara ƙwai da kifi da gyaɗa bisa zato kawai, yanzu ma har an ƙaro mana da wata takardar gwajin jini wadda galibin masu riƙe da ita ba su san abin da take nufi ba. Amma ranar da borin ya zo da gaske, irin wanda ke kayar da ƙaƙƙarfan mutum cikin 'yan mintoci, sai ka tarar da mu a ruɗe, kowa na faɗin albarkacin bakinsa.

Mas'alar ba ta yau ba ce. Abubakar ar-Razi, babban malamin ɗibbu na Rayyi da Bagadaza, wanda ya rasu wajen shekara ta 925 Miladiyya, ya rubuta wata risala a kan sababin da ya sa malam Abu Zaid al-Balkhi kan kamu da mura duk lokacin da wardi ya yi fure ya shaƙi ƙamshinsa. Bayansa da ƙarnoni, a 1873, wani likitan Ingila mai suna Charles Blackley, wanda shi kansa yana fama da irin wannan mura, ya tabbatar da cewa garin furen ciyawa ne ke tayar da ita, ta hanyar shafa shi a hancinsa da kuma inda ya karce fatarsa. Sai dai duk waɗannan hakimai sababin waje kaɗai suka gani. Abin da ke cikin jiki, wanda ya sa wannan ya kamu wancan ya tsira, ya ɓuya musu.

Allah Maɗaukakin Sarki ya halicci jikin ɗan Adam da garkuwa, daga cikin kayan aikin garkuwar nan kuwa akwai wasu sinadarai da ke yawo cikin ruwan jini, waɗanda jiki ke ƙera kowane ɗayansu daidai da siffar wani baƙon abu guda, ta yadda in suka haɗu sai ya manne masa ya nuna shi ga sojojin jiki. A 1890 ne Emil von Behring da Shibasaburo Kitasato suka nuna a birnin Balin cewa ruwan jinin dabbar da ta saba da dafin sarƙe-haƙora yana iya kare wata dabbar da ba ta saba ba, a kan wannan asasi kuma aka gina maganin mashaƙo da allurar sarar maciji da ake amfani da su har gobe. Sinadaran nan iri 5 ne. Mafi yawa shi ne wanda likitoci ke kira IgG, shi ne ke ratsa mabiyiya daga uwa zuwa ɗan tayi, ya riƙe jariri watannin farko kafin tasa garkuwar ta ƙosa. IgA kuwa yana cikin miyau da hawaye da hanji, ya kuma fi yawa a dakashi, ruwan nonon farkon nan mai kauri da wasu tsofaffi har yanzu ke sa a tatse a zubar wai ƙazanta ne, alhali babu wata kyauta da uwa za ta yi wa ɗanta a ranar haihuwa da ta fi shi daraja. Akwai IgM, mai fara fitowa in cuta ta shigo, akwai IgD. Na biyar ɗin, IgE, shi ne mafi ƙaranci, domin IgG ya fi shi yawa a jini fiye da sau 10,000, amma shi ne ummulhaba'isin abin da muke magana a kai.

Hanyar da aka bi aka gano shi akwai abin lura a cikinta. A 1901 Yarima Albert na Monako ya ɗauki wasu masana biyu na Faransa, Charles Richet da Paul Portier, a jirgin ruwansa, ya nemi su bincika dafin wata halittar teku mai harbin masu wanka. Da suka koma Faris sai suka riƙa yi wa karnuka allurar ɗan kaɗan na irin wannan dafi, da niyyar jikinsu ya saba, kamar yadda ake yi a rigakafi. Wani kare mai suna Neptune ya karɓi ta farko lafiya lau. Bayan 'yan makonni, a 1902, aka ƙara masa ɗan mitsitsi, wanda ƙiyasi ya nuna ba zai yi masa komai ba, sai ga shi ya faɗi yana haki yana amai, bai kai sa'a guda ba ya mutu. Sun nemi kariya sun sami kishiyarta, suka raɗa wa abin suna anafilaksis, a kansa kuma aka ba Richet kyautar Nobel a 1913. A 1921 kuma, a birnin Breslau, wani likita mai suna Heinz Küstner, wanda ba ya iya cin dafaffen kifi sai jikinsa ya yi bori, ya ba abokin aikinsa Carl Prausnitz ruwan jininsa, shi kuwa ya tsira wa fatarsa, kashegari ya tsira ruwan kifi a daidai wurin, nan take wurin ya tashi ya yi ja, ga shi kuwa Prausnitz bai taɓa samun matsala da kifi ba. Hujja ta tabbata ke nan cewa akwai wani abu a jini da ke ɗauke da borin. Amma saboda ƙarancinsa sai da aka yi shekara 45 ana nema kafin wasu ma'aurata 'yan Japan da ke aiki a Denver ta Amurka, Kimishige da Teruko Ishizaka, su tsamo shi a 1966, a daidai lokacin da Gunnar Johansson da Hans Bennich suka cim masa ta wata hanya a Uppsala ta Suwidin. A 1968 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sunan IgE.

Ga yadda yake aiki. Ranar farko da mai wannan ɗabi'a ya haɗu da abin, ko dafin ƙudan zuma ne ko fenisilin ko ƙwai, ba ya jin komai, sai dai jikinsa ya ƙera IgE a ɓoye, shi kuma ya je ya zauna a bayan wasu ƙwayoyin halitta da ake kira mast, waɗanda ke jibge a fata da hanci da hanyoyin numfashi da hanji, cike da wani sinadari mai suna histamin. Yana iya zama nan makonni da watanni. Ranar da abin ya dawo ya haɗa IgE biyu da ke maƙwabtaka, sai ƙwayar ta amayar da abin da ke cikinta, ƙananan jijiyoyin jini su buɗe su riƙa yoyo, fata ta tashi taswira-taswira mai fari a tsakiya da ja a gefe, ta yi ƙaiƙayi, ta ɓace a cinya ta ɓullo a baya kafin la'asar. In a hanci ne, atishawa da majina. In a huhu ne, hanyoyin iska su tsuke. In kuwa ko'ina ne a lokaci ɗaya, jini ya sauka, mutum ya some. Wannan ne ya sa maganar nan da ake yawan yi, wai ai ya saba sha bai taɓa yi masa komai ba, ba hujja ba ce ko kaɗan, domin sabon shi ne sharaɗin borin.

Mai hankali zai tambaya, mece ce hikimar halittar abin da ke cutar da mai shi? Amsar, gwargwadon abin da bincike ya nuna, a nahiyarmu aka fi samo ta. A shekarar nan ta 1968 Johansson da abokansa suka auna jinin yara a Habasha, suka tarar IgE ɗinsu ya ninka na yaran Suwidin sau da yawa, musamman masu macijin ciki. A 1991 Paul Hagan da abokansa suka nuna a Gambiya cewa waɗanda jikinsu ya fi yin IgE a kan tsutsar tsargiya sun fi tsira daga sake kamuwa bayan an yi musu magani. Ashe dai makami ne na yaƙi da tsutsotsi, mai yiwuwa kuma da dafin ƙwari da macizai. Abin mamaki, yaran ƙauye masu IgE jingim a jini su ne borin jini bai cika damu ba, domin tsutsar da ta daɗe a jiki takan sa garkuwa ta sassauta, kamar yadda aka gani a 2000 a wajen yaran Lambarene ta Gabon masu tsargiya. A Ingila ma David Strachan ya lura a 1989 cewa yaron da ya tashi a gidan yawa, da yayye a gabansa, bai cika yin murar ciyawa ba. Kada wani ya ji wannan ya ce to a bar yara da tsutsarsu. Tsargiya na lalata mafitsara da ƙoda, tsutsar ciki na shanye jini ta tsumburar da yaro, kuma babu mai musayar wannan da atishawa. Abin nufi kawai shi ne mu san cewa duk yadda birni ya ƙaru, wannan lalura za ta ƙaru tare da shi.

Alamun haka sun riga sun bayyana. A 1975 David Warrell da abokan aikinsa na asibitin Jami'ar Ahmadu Bello suka buga bincike a kan masu asma 106 a Zariya, inda suka ce ciwon bai cika kama yara ba a lokacin, galibinsu sai da suka girma ya fara musu. Suka kuma tarar da wata 'yar halitta dangin kaska, wadda ido ba ya gani, cike da ƙurar katifu, da yawan majinyatan kuma ciwonsu da damina ya fi tashi, saɓanin yadda muke ɗora wa hazon hunturu dukan laifi. Duk wanda ya leƙa sashen yara na wani babban asibiti a yau ya san zancen ƙarancin asma ga yara ya zama tarihi. A Kumasi, Emmanuel Addo-Yobo ya gwada 'yan makaranta a 1993 ya sake gwadawa a 2003, ya tarar waɗanda numfashinsu ke tsukewa bayan gudu sun tashi daga kashi 3.1 zuwa kashi 5.2 cikin 100, 'ya'yan masu hali na birni kuma su ne a gaba. Ɗaki rufe ruf, da kafet daga bango zuwa bango, da labule mai kauri, da kyankyasai, da turaren wuta da maganin sauro na kunnawa da hayaƙin janareto a bakin taga, duk mun tara su wuri ɗaya muna kiran abin ci gaba.

Yanzu sai in zo kan abin da ya fi damuna. A manyan biranenmu an fara samun ɗakunan gwaji da ke ɗibar jinin yaro su ba iyayensa doguwar takarda, an jera abinci iri-iri, an ja jan layi a ƙarƙashin wasu. Uwa ta dawo gida hankali tashe, daga ranar an haramta wa yaro gyaɗa da wake da ƙwai da alkama da madara, sai ka rasa me ya rage masa. To, a 2013 Abena Amoah da abokan aikinta suka buga sakamakon binciken da suka yi a kan 'yan makaranta 1,604 a yankin Akara ta Gana. Kashi 17.5 cikin 100 na waɗanda aka auna jininsu suna da IgE na gyaɗa, wanda da a Landan ne da an ce annoba ce; amma da aka gwada a fata kashi 2 kaɗai suka nuna alama, waɗanda kuma aka ce gyaɗa ta taɓa yi musu wani abu kashi 1.5 ne. Da aka bi diddigi sai aka gane cewa akasarin wannan IgE ba don gyaɗa aka ƙera shi ba, mai yiwuwa don tsutsar tsargiya ne, sai dai akwai wani sukari a jikin tsutsar mai kama da na tsirrai, shi na'urar ke gani ta rubuta gyaɗa. Na'urar da aka daidaita da jinin yaron Turai, wanda bai taɓa wanka a kududdufi ba, ita ce ake yanke wa yaron Haɗeja ko na Gaya hukunci da ita.

Duk wanda ya taɓa zama a majalisar alƙali ya san cewa kawo shaida daban, yanke hukunci daban. Ana sauraron mai shaida, sa'an nan a yi masa tazkiyya, a duba ko abin da ya faɗa ya dace da sauran bayanai, a tambaye shi yaushe ya gani, a ina, da wane ido. Takardar IgE mai shaida ce guda, a ƙasarmu ma mai shaida ce da aka san tana da ruɗuwa. Alƙalin shi ne labarin abin da ya faru: me yaron ya ci, minti nawa ya ɗauka kafin alama ta fito, wace alama ce, ya taɓa maimaituwa, kuma ya ci abin daga baya lafiya ko bai ci ba. Yaron da ke cin ƙuli-ƙuli kullum yana wasansa ba shi da borin gyaɗa, ko da takarda goma sun ce yana da shi. Inda shakka ta rage, likitan da ya san aikin yakan ba yaro abincin kaɗan-kaɗan a gabansa, a asibiti, da kayan ceto a kusa, wannan shi ne gwajin da babu na sama da shi. Akwai ma wani gwajin da ya fi wannan rashin tushe, wanda ke auna IgG na abinci a sayar wa mutane da tsada da sunan gano abin da jikinsu ba ya so. Ƙungiyoyin likitocin wannan fanni na Turai da Amurka da Kanada duk sun yi watsi da shi, domin samun IgG na shinkafa ba ya nufin komai illa cewa mutum yana cin shinkafa.

Wani zai ce ai hanin ba ya cutarwa, in bai yi amfani ba ba zai yi illa ba. Wannan kuskure ne da manyan likitocin duniya suka faɗa cikinsa kafin mu. A 1998 a Ingila, da 2000 a Amurka, aka shawarci iyayen yaran da ake jin tsoro a kansu da su nisanta su da gyaɗa har su shekara 3, borin gyaɗa kuwa bai ragu ba. Sai Gideon Lack na Landan ya lura cewa yaran Yahudawa na Ingila sun fi 'yan'uwansu na Isra'ila wannan lalura kusan sau 10, bambancin da ya gani kuwa shi ne na Isra'ila tun suna jarirai ake ba su wani abin taɓawa mai gyaɗa. Ya ɗauki jarirai 640 masu ƙyasbin fata mai tsanani ko borin ƙwai, ya raba su biyu, aka riƙa ba kashi ɗaya gyaɗa aka hana ɗaya kashin. Da suka shekara 5, kamar yadda aka buga a 2015, kashi 17 cikin 100 na waɗanda aka hana sun kamu, na waɗanda aka ba kuwa kashi 3 kacal. Hanji ne ke koya wa garkuwa abin da yake abinci, in aka hana shi darasin da wuri sai fata mai tsagewa ta koya mata akasinsa. Kakanninmu da ke yaye yara da kunun gyaɗa ba su karanta wannan ba, amma sun dace. Mu da muke ƙasar da tamowa ke kashe yara, har abincin da ake ceto su da shi a Maraɗi da Katsina markaɗaɗɗiyar gyaɗa ce da madara, ba mu da halin aro tsoron da masu shi ma suka ajiye. Malaman fiƙihu suna da ƙa'ida cewa asalin abubuwa halacci ne har sai dalili ya zo da hani, kuma yaƙini ba ya gushewa da shakka. Ban ga abin da ya fi dacewa da kwanon yaro ba. Sai dai a kiyaye: nono zalla har wata 6, ba a ba ƙaramin yaro ƙwayar gyaɗa don kada ta shaƙe shi, ba a ba shi wadda ta yi funfuna, wanda kuma fatarsa ke da ƙyasbi mai tsanani a fara kai shi wurin likita.

Haka nan ba duk abin da muke kira borin jini ne yake shi ba. Waɗanda suka yi zamanin kulorakwin ba su manta da ƙaiƙayinsa ba, wanda kan kama tafin hannu da tafin ƙafa da tsakar kai, ya hana barci kwana biyu, ya ƙaru in an watsa ruwa, ba tare da ƙurji ko ɗaya ya fito ba, mutum ya sha Piriton har ya yi layi bai daina susa ba. Wannan babu ruwan IgE a ciki, maganin ne ke tsokanar jijiyoyin fata kai tsaye. Wanda madara ke sa wa kumburin ciki da gudawa shi ma galibi ba bori ba ne, ƙarancin sinadarin narkar da sukarin madara ne, abin da Fulani makiyaya suka fi sauran jama'a tsira daga gare shi. A Amurka kusan mutum 1 cikin 10 na cewa jikinsa ba ya son fenisilin, amma in aka gwada sai a tarar 9 cikin 10 nasu suna iya sha lafiya, sai dai an riga an tura su ga magunguna masu tsada da illa. Ban ce kowa ya koma ya gwada da kansa ba, haramun ne mutum ya jefa kansa cikin halaka. Wanda ya taɓa shan Septrin ko Fansidar leɓɓansa da idanunsa suka ɗuri ruwa fatarsa ta saluɓe, ko da yake wannan ma wata hanya ce ta garkuwa ba ta IgE ba, kada ya ƙara kusantarsu har abada. Abin da nake roƙo shi ne a rubuta sunan maganin da abin da ya haifar a kati, maimakon a ce wata farar ƙwaya ce mai tsaga a tsakiya.

Game da asma kuwa, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana jikin mutum miliyan 262 a 2019, ta kuma kashe 455,000 a shekarar, akasarinsu a ƙasashe matalauta, gafalarmu ta wata fuskar ce. Ana ƙyamar abin shaƙa, wai wanda ya fara ba ya bari, ana ɓoye shi kada a ce yarinya na da fuka ta rasa miji, sa'an nan a je kemis a sayo ƙwayoyin deksametason a yi ta haɗiya wata da watanni, har fuska ta kumbura, sukari da hawan jini su shigo, ƙashi ya yi rauni. Abin shaƙan da ake gudu yana kai ɗan kaɗan na magani daidai inda ciwon yake. Ƙwayar da ake so kuwa jiki duka take jiƙawa. Kuma shuɗin nan na Ventolin buɗe hanya kawai yake yi na 'yan sa'o'i, ba ya kashe kumburin da ke ciki, shi ya sa tun 2019 masana suka daina yarda a dogara da shi shi kaɗai. Da azumi kan sami wanda zai kwana yana haki ya wuni yana haki don tsoron karya azuminsa. Malamai sun yi saɓani a kan mas'alar, Shaihu Ibn Baz da Shaihu Ibn Usaimin suna cikin waɗanda suka ce abin shaƙa ba ya karya azumi, wanda kuma ya bi ɗaya ra'ayin ai shari'a ta riga ta yi wa majinyaci rangwame. Ya kamata limamanmu su riƙa faɗin wannan tun a watan Sha'aban.

Saura babban bori. Alamunsa ba su da wuyar ganewa: bayan allura, ko harbin zuma ko rina, ko wani abinci, cikin mintoci sai leɓɓa da harshe su kumbura, murya ta dushe, numfashi ya riƙa shewa, ko jiri ya ɗebi mutum ya yanke jiki ya faɗi, wani lokaci da ƙuraje wani lokaci babu. Na ga abin da aka saba yi a irin wannan hali: wannan ya kawo manja a ɗura masa, wancan ya ce madara, wata ta ɗebo toka tana shafa masa, a tashe shi tsaye a riƙe shi wai ya sha iska, in an kai kemis a ba shi Piriton, in an kai asibiti a yi ta neman jijiya don a sa haidirokotison. Addu'a a yi ta, ba ta hana komai. Amma ɗura wa wanda maƙogwaronsa ke rufewa ruwa ko mai ƙara masa shaƙa ne, tsayar da wanda jininsa ya sauka kuwa na iya zama ajalinsa, kwantar da shi ake yi a ɗaga ƙafafunsa, in numfashi ya fi damunsa a bar shi ya zauna. Piriton ƙaiƙayi yake ragewa, ba ya buɗe maƙogwaro. Haidirokotison sai ya yi sa'o'i kafin ya fara aiki, har ma hukumar da ke tsara ka'idojin ceton rai a Ingila ta cire shi daga matakan farko a 2021. Magani ɗaya ne tak ke tsuke jijiyoyin da suka buɗe, ya buɗe hanyoyin iskar da suka tsuke, ya kuma hana ƙwayoyin mast ci gaba da amai, shi ne adirenalin, wanda Jokichi Takamine ya tace tun 1901: rabin miligiram ga babba, a tsokar cinya ta waje, a maimaita bayan minti 5 in ba a ga sauƙi ba, yara kuma gwargwadon nauyinsu.

Adirenalin yana cikin jerin magungunan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wajibi ne a same su ko'ina, 'yar kwalbarsa kuma ba ta da wata tsada. Masu allurar rigakafi an shar'anta musu su riƙe shi, ko da yake babban bori bayan rigakafi bai fi kusan 1 cikin allura miliyan ba. Masu ba da allurar sarar kububuwa a irin su Kaltungo sun san ba a fara ta sai yana kusa, domin daga jinin doki ko tunkiya ake yin ta. To, in waɗannan sun ga wajabcinsa, ina hujjar mai kemis, wanda doka ma ba ta ba shi izinin yin allura ba, da zai tsira wa mutum fenisilin a bayan labule ba shi da abin ceto? Ina kira ga kwamishinonin lafiya na jihohinmu, da takwarorinsu na Jamhuriyar Nijar, da su sa wannan cikin abin da masu duba asibitoci ke fara tambaya, su kuma horar da ma'aikatan karkara su daina jin tsoron yin allurar. Kai kuma mai karatu, in ka tashi zuwa ɗakin shan maganin unguwarku, tambayi ma'aikacin cikin ladabi ko suna da adirenalin, ka roƙe shi ya duba ranar lalacewar da ke jikin kwalbar. In ya ce babu, kai maganar gaban mai unguwa da kansila a wannan makon.